Dokar Da Nake Rubuta Wa Na'ura

Shekara biyu ke nan ina tattara kalmomin Hausa cikin fayil na XML, kowace kalma da jinsinta da jam'inta da ma'anarta. Aikin da ya fi cin mini lokaci shi ne rubuta dokar da na'ura ke tantance fayil ɗin da ita, domin kada a manta da jinsi a nan, ko ma'ana ta faɗa gurbin jam'i a can.

Hanyoyin faɗar irin wannan doka suna da dama. DTD, wadda XML, da ya fito a 1998, ya gada daga SGML, takan ce bayan kalma sai jinsi, bayan jinsi sai jam'i, amma ba ta duba rubutun da ke tsakanin alamomin. A 2001 aka samu XML Schema da kuma RELAX NG ta James Clark da Murata Makoto, waɗanda ke iya cewa gurbin jinsi ba ya karɓar komai sai namiji ko mace. Schematron ta Rick Jelliffe kuwa takan gwada wani gurbi da wani, ta kuma bar mai doka ya rubuta saƙon gargaɗi da harshensa. Ni da Hausa nake rubuta nawa.

Sai dai kowace doka da'awa ce game da harshe, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. In na ce jam'i ɗaya ga kowace kalma, ina zan kai dawaki da dawakai, ko karnuka da karnai? In na ce jinsi ɗaya, kaka fa, da ke zama namiji ko mace? Yawancin sunaye masu jinsin mace da wasalin a suke ƙarewa, amma gida da ruwa da nama duk namiji ne. Saboda haka wannan ƙa'idar gargaɗi kawai take yi a fayil ɗina, ba ta hana kalma shiga. Haka ma ƴ ta Nijar da 'y ta Najeriya: dokar tana karɓar duka biyun, muddin an nuna ha-NE ko ha-NG.

Dalilina shi ne, ɗalibin da na'ura ta ƙi karɓar kalmarsa yakan zaci shi ne bai iya ba, sai ya share abin da ya ji daga bakin kakarsa. Shi ya sa kafin in tsaurara wata doka nakan nemi kalmar da za ta karya ta, in na same ta kuma, dokar nake gyarawa.