Garkuwar Jiki Daga Tukunya Take Farawa

A unguwarmu ta Gesse da ke Birnin Kebbi, da wuya mako ya wuce mai magani bai ratso da lasifika ba, yana tallan garin da wai ke ƙara garkuwar jiki. Da jiƙon sabara da habbatus-sauda aka raine ni, ba na raina su. Abin da ke damuna shi ne uwar da ke rage kuɗin cefane don ta sai wa yaro ƙullin magani.

A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira taimos. A cikinta wasu ƙwayoyin jini ke koyon yaƙar cuta. Tamowa kan motsar da ita, in yaro ya samu abinci kuma sai ta farfaɗo.

Don haka, iyaye mata, a ba jariri nono zalla wata 6. In ya tasa a haɗa masa da wake, zogale da kifin Argungu, a kuma kai shi rigakafi. Zuma sai ya shekara. Allah Ya raya mana zuri'a.