Ɗan Tseren Da Ba Shi Da Likita

Mai karatu, in kana cikin masu sammako a birnin Kano, musamman ranar Asabar ko Lahadi, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da su ba. Samari ne da magidanta, su takwas ko goma, sun yi jerin gwano a gefen kwalta, kowa ya duƙa a kan wani siririn keke, ga matsattsun kaya ga baƙin tabarau. Wasu su nufi hanyar Wudil, wasu Bichi, wasu su miƙe titin Zariya har Kura ko Kwanar Ɗangora. Yara na bin su da ihu, tsofaffi kuwa sai girgiza kai, suna cewa wai waɗannan me ya koro su ne? 'Yan tseren keke ke nan na sha'awa. Babu mai biyansu albashi. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran waya, akwai ɗan kasuwa, akwai tela.

Telan nan autanmu ne, shi ya sa na san cikin lamarin. Ni ce babbar yayarsa, kuma gidan aurena ba shi da nisa da gidanmu, don haka yau shekara 6 ke nan ina ganin fitarsa da dawowarsa. Abin da idona ya gane min shi ne, nisan tafiya bai cika kayar da yaran nan ba. Abin da ya fi cutar da su shi ne ɓoye ciwo, saboda kunya da gudun kada a ce sun gaza, da kuma tsoron kada a gida a raba su da keken.

Bari in fara da keken kansa, don ya sha bamban da Raleigh ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka ɗauko buhun gero a kai. Ba shi da kariya, ba shi da madigadi, ba ƙararrawa, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, ga sirdi siriri mai tauri kamar muciya. Tsabar rashin nauyinsa, hukumar tseren keke ta duniya sai da ta yi doka cewa kada na gasa ya gaza kilo 6.8. Na su Auta dai gwanjo ne, ya ɗan fi haka nauyi, amma duk da haka adashi biyu ya kwasa kafin ya mallake shi. In kaca ta tsinke ko giya ta lalace, sai a yi mako ana cigiya, don ba kowane mai gyaran keke ne ya san kansa ba. A ɗaki yake kwana da shi. Umma takan ce ko amarya ba ta samu gatan da keken nan ya samu ba.

Ranar fita, da an idar da sallar asuba ya hau. Zuwa Wudil da dawowa kusan kilomita 80 ne, amma kafin ƙarfe goma yana shago yana taka keken ɗinki, kai ka ce ba shi ne ya yi wannan tafiyar ba. Cin abinci kuwa ba a magana, malmala uku ta tuwo ba ta ce masa komai. Da dare su haɗu a duƙufa kan waya ana kallon manya. Sun san Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya kamar ɗan unguwarsu, wanda ya ci zango 3 a gasar Tour de France ta 2024, ya kuma tafi da koriyar riga. Da aka yi gasar duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumba na 2025, karo na farko a nahiyar Afirka, kwana suka yi suna musu.

To a nan gizo yake saƙar. Su manyan da ake kallo, suna yin kwana 21 na tsere, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, amma kowace ƙungiya mai mahaya 8 tana da likitanta, da makanikai, da mai girki, da masu tausa, ga mota na biye da su ɗauke da wasu kekunan. An rufe musu hanya, babu tirela babu akuya. Namu kuwa yana son ya yi irin gudunsu, alhali gatansa duka yana aljihun bayan rigarsa: faci, ɗan famfo, dabino bakwai da kuɗin shayi. Likitansa shi ne abokin da ya faɗi kafin shi.

Wasu tsautsayin abin dariya ne. Takalminsu yana da wani ƙarfe da ke maƙalewa a jikin feda, sai an murɗa dunduniya yake fita. Ranar da Auta ya fara sa shi, ya zo gaban mai shayin unguwarmu zai tsaya, ƙafa ta ƙi fita, sai ga shi ya tafi luuu kamar an sare bishiya, a gaban jama'a. Har yau ana tsokanarsa. Akwai wanda kare ya raka har gari na gaba. Akwai wanda ya yi faci sau uku a rana ɗaya, ƙarshe a bayan motar itace ya dawo, shi da keken. Ko shi Girmay ɗin bai tsira ba: a 2022 ya ci zango a gasar Giro ta Italiya, yana kan dandamali yana buɗe kwalbar biki murfin ya dake shi a ido, washegari bai iya ci gaba da gasar ba. Sauran kuwa ba na dariya ba ne. Yashi a kan kwana, ramin da ruwan sama ya rufe, ɗan a-daidaita-sahu da zai yanko gabanka don ya hango fasinja, da iskar tirela da ke fizgar mutum in ta wuce.

Sai yunwa da ƙishirwa. Jikin mutum yana ajiye wani ɗan sukari a hanta da tsoka, wanda in ana aiki mai tsanani bai cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Da ya ƙare, sai ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, hannu ya kama rawa. Maganinta a riƙa cin ɗan dabino ko ayaba tun kafin a ji yunwar. Ƙishirwa ta fi haɗari. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura 40 a ma'auni, mai tsere kuma zai iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, ko fiye, kuma da gishirin jiki yake fita. Na sha ganin farin gishiri ya bushe a rigar Auta. Shi ya sa nake haɗa masa irin ruwan da muke ba yara in suna gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ne ke kuka. In kuwa mutum ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti da gaggawa, don zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Hunturu ma da nasa. Ƙurar da mai tafiya a ƙasa zai shaƙa kaɗan, su da baki buɗe suke zuƙarta, sai tari da jan ido, ga hazo ya hana direba hango su. Akwai kuma masu hawa da zazzaɓi a jiki, wai gumi zai fitar da shi. Wannan ganganci ne, domin wahalar da jiki ana cikin zazzaɓi tana iya taɓa zuciya. Akwai ciwon gwiwa, wanda sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa da yawa. Sannan akwai wanda ba sa faɗa wa kowa, ni ma da kunya nake rubuta shi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zama a kan sirdi awa uku cikin gumi yana kawo ƙuraje da maruru a matse-matsi, yana kuma danne jijiyoyi har wurin ya yi sanyi kamar ba a jikin mutum yake ba. A wanke wandon tsere duk hawa, a cire shi da an sauka, a gyara zaman sirdi. In abin ya ƙi wucewa, namiji ya daure ya ga likita.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sa na ɗauki biro. Saura mako uku Babbar Sallah, shagon Auta cike da shaddojin mutane, suka fita hanyar Bichi. Suna bin juna kurkusa don na gaba ya tare wa na baya iska, sai tayarsa ta gogi ta na gabansa. Ya kai hannu zai tare ƙasa, ƙarfin faɗuwar ya bi hannun ya karya ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Wannan karaya ce da ta yi suna a wurin masu keke. Abokai suka ce targaɗe ne, aka shafa man zafi, wani ma ya kawo shawarar a zuba man birki a inda fata ta saɓule, Allah Ya sa ba a bi tasa ba. Auta ya zura babbar riga, ya koma kwana a shago, ya ce wa Umma aiki ne ya yi yawa.

A rana ta uku ya shigo gidana, na zuba masa abinci, sai na ga yana ci da hagu. Na ce, "Kai Auta, yaushe ka zama bahago?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, don Allah kada Umma ta ji." Da ya zame rigar, wallahi sai da na runtse ido. Kafaɗa ta kumbura ta yi baƙi, ga wani tudu a inda ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa. A take maigidana ya sa shi a mota sai asibitin ƙashi, ni kuma na yafa mayafi na tafi na gaya wa Umma da bakina. Aka ɗauki hoto, aka rataye hannun, aka wanke ciwon, aka yi masa allurar tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora. Mako 8 bai taka keken ɗinki ba. Kayan Sallah sai rarraba su aka yi wa wasu teloli, wasu masu kayan suka karɓi kuɗinsu, wasu har yau ba su dawo ba. Babban ɗan tsere in ya karye albashinsa na tafiya. Namu in ya karye, tukunyar gida ce ta karye.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ya iya jure kwana biyun nan. Ashe wani ne ya ba shi tiramadol, wadda samari ke kira tiramol. Ƙwayar nan ba ta gyara komai, rufe bakin ciwo kawai take yi, ta kawo jiri da gyangyaɗi, ga kama jiki. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta a gasa tun watan Maris na 2019, kuma a kanta aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a Tour de France ta 2022, bayan ya zo na 6. Tun a 1967 wani Bature ɗan Ingila, Tom Simpson, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, yana da shekara 29, aka samu ƙwayoyin ƙara kuzari a jikinsa. Jikinsa ya ce ya tsaya, ƙwaya ta hana shi ji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hular kwanon Auta kuwa ta tsage gida biyu a wannan faɗuwar, na riƙe ta a hannuna ina ta kallo. Su kansu manyan sai da aka rasa rai kafin a tilasta musu ita: Andrei Kivilev na Kazakistan ya faɗi babu hula a gasar Paris-Nice a watan Maris na 2003 ya rasu, a shekarar aka mai da ita dole. Hular da ta taɓa dukan ƙasa ta gama aikinta, sai sabuwa. Wanda kuma kansa ya bugu, in ya fara amai, ko mantuwa, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, kada a ce ya kwanta ya huta, a kai shi asibiti ko tsakar dare ne.

Umma dai rantsuwa ta so yi. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, a fitar min da keken nan daga gida kafin ya kashe min ɗa." Na lallaɓa ta, na tuna mata yadda Auta yake kafin keken: zaman majalisa har ƙarfe ɗayan dare, da abokan da ba mu yarda da su ba. Yanzu ƙarfe tara ya yi barci, ko sigari ba ya son warinta, ga motsa jiki na kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suka addabi danginmu. In aka sayar da wannan, aro zai yi a ɓoye, kuma abin ɓoyen ne ya kai mu inda muke. Ta yi shiru, can ta gindaya sharuɗɗa. Babu fita sai da hula. Babu hawa da zazzaɓi. Babu ƙwaya sai wadda likita ya rubuta. Ya faɗi hanyar da za su bi, ya sa takarda a aljihu mai lambar wayar gida da rukunin jininsa. Na ƙarshe shi ne babba: duk faɗuwar da ya yi, komai ƙanƙantarta, a ranar za a ji ta a gida, ita kuma ta yi alkawarin ba za ta yi faɗa ba.

Don haka 'yan'uwana mata, iyaye da yayye da matan aure, in kuna da irin wannan a gida, ku sani ku ne likitansa na farko. Ku dubi tafiyarsa in ya shigo, ku dubi hannun da yake cin abinci da shi, ku saukaka masa faɗin gaskiya. Ku kuma direbobi, ku ba su tazara in za ku wuce, ɗan wani ne, kuma wataƙila shi ke ciyar da gidansu. Ku kuma 'yan tsere, jiki magayi ne, in ya yi magana ku saurara, kofin da za a ba ku bai kai kuɗin hoton ƙashi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana ku a kan hanya, amin.