Komiser Habib da sawun yanyawa

Cikin littattafan binciken kisan kai da na karanta da Faransanci, kaɗan ne suka hana ni sukuni kamar L'Empreinte du renard, wato sawun yanyawa, na marigayi Moussa Konaté, marubucin ƙasar Mali da aka haifa a Kita a 1951, ya rasu a 2013. Littafin ya fito a 2006, cikin jerin labaran Komiser Habib da mataimakinsa Sosso, ƴan sandan Bamako da muka sani tun L'Assassin du Banconi.

A wannan karo an tura su ƙasar Dogon, inda samari ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gari kuwa ya kame bakinsa. Mutanen wurin suna da tasu hanyar neman gaskiya. Mai duba yakan zana gidaje bisa rairayi da marece, ya watsa gujiya. Yanyawa ta zo da dare ta ci, ta bar sawu. Da safe a karanta abin da ƙafarta ta rubuta. Duk wanda ya san bugun ƙasa ba zai yi mamaki ba. Shi kuwa Habib, ɗan lakwal ne, da tambaya da shaida ya zo. Kowa na bin sawu, amma kowa da karatunsa.

Abin da ya kama ni shi ne tushen rikicin: ƙasa. Samari masu ƙishin kuɗi, waɗanda sabon tsarin ƙananan hukumomi ya ba su iko, sun ɗora ido kan abin da dattawa ke ganin ba ya sayuwa. Mali ta yi zaɓen ƙananan hukumomin karkara a 1999, mu a Nijar muka yi namu a 2004, kuma ba mu rasa garin da aka ja daga tsakanin magajin gari da sarauta a kan fili ba.

Al'adar irin wannan adabi ita ce, da zarar an gano mai laifi, doka ta yi aikinta, mai karatu ya yi barci. Konaté ya hana mu wannan barcin. Habib ya gano gaskiya, sai dai gaskiyar ta tarar da shari'a biyu, ta gwamnati da ta kakanni, kowace na cewa ita ce mai gari. Ashe mutum kan zama baƙo a ƙasarsa alhali takardun aiki na aljihunsa.

Littafin bai rasa aibi ba. Wani lokaci labarin kan tsaya cik, a shiga bayanin al'adu kamar ana yi wa ɗan yawon buɗe ido jagora, har ka ji ƙamshin rubuce-rubucen Marcel Griaule. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ga shi Dogon ɗin nan an fi yin magana a kansu da a bar su su yi da bakinsu.

Duk da haka ina roƙon ƴan'uwana malamai su kai shi aji. Ɗalibanmu gobe su ne alƙalai da jandarmomi. Gara su gamu da tambayar Habib a takarda, su yi gardama a kanta, kafin ranar da za ta tare su a bakin gonar wani.