Abin da muka gani a kogon Sayu

Ranar wata Asabar muka kwashi yaran makarantar allo ta unguwarmu, muka bar Nima bayan sallar asuba zuwa gandun dajin Shai, tafiyar kimanin kilomita 50 daga Akra. Niyyarmu yara su sha iska, su ga namun daji. Tun daga ƙofa gwaggon birai suka tare mu, ɗaya ya fizge burodin wani yaro, aka yi ta dariya.

Ɗan jagora ya bi da mu ta cikin ciyawa da itatuwan kuka, muka hango mariya na kiwo, sannan muka hau dutse zuwa kogon Sayu. Ƙofar a matse take, sai mutum ya karkace zai shiga. Ciki duhu, ga warin kashin jemage, ga jemagun kansu cunkus suna ta tsuwa bisa kanmu. Ya ce nan sarkin Shai yake fakewa da mutanensa in yaƙi ya taso. Ya nuna mana duwatsun niƙa da sakaina, ya ce a 1892 Turawan Ingila suka kori mutanen Shai daga duwatsun nan, suka hana su komawa.

Sai wani yaro ya ce, "Baba, Turawa ne suka hawo nan da ƙafarsu?"

Mu manya muka yi tsit. Mun san rundunar da Turawa suka kafa a ƙasar nan a 1879 da sunan Hausawa aka san ta, kuma a 1892 ɗin nan ita Gwamna Griffith ya tura ta sauko da mutanen Krobo, maƙwabtan Shai, daga dutsensu. A zango mukan yi alfahari da kakanninmu fatake da malamai. Na sojan Bature kuwa ba mu cika ambatonsu ba.

Dattijon cikinmu ya ce, "Ɗana, Bature ya ba da umarni, amma hannun da ya riƙe bindiga galibi baƙi ne, har da namu."

Jama'a, har yau jikokin Shai suna zuwa duwatsun nan kowace shekara su gai da kufan iyayensu, mu kuma kasuwa ɗaya muke ci da su. Mu kai 'ya'yanmu su gani, mu faɗa musu labarin duka. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.