Kafin Na Sayi Gida a Gefen Gari

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ƴan'uwa masu daraja, tun da Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Agye, ma'aikata da ƴan kasuwa suka ƙaru, gari ya fara cin gonakin da ke kewaye da shi. Inda muka san gero da wake, yau duwatsun iyaka ne da tulin bulo. Haka lamarin yake a Agye, haka kuma tsakanin Maraɗi da Tibiri. Ni ma ina cikin masu tunanin komawa irin waɗannan sababbin unguwanni, domin gidanmu na gado ya cika, yara sun girma, maza da mata na bukatar a raba musu makwanci kamar yadda shari'a ta umarta. An nuna mini gida mai ɗaki uku da katanga da ƙofar ƙarfe, kuma raina ya so shi. Sai dai na lura cewa wurin da mutum ya zauna yana sauƙaƙa masa wasu wajibai, yana kuma tsananta wasu. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku abubuwan da nake aunawa, ko wani zai amfana.

Na farko shi ne asalin ƙasar. Yawancin waɗannan filaye gonakin gado ne. Sau da yawa babban wa ne ke sayarwa, alhali ƙannensa mata ba a tambaye su ba, ko akwai marayun ɗan'uwa da ba a fitar musu da rabonsu ba. Wani filin kuma burtali ne da aka ci, wanda makiyaya ke bi da dabbobinsu tun kaka da kakanni. Gargaɗin da ya zo a hadisi ingantacce game da wanda ya ci ƙasar wani ko da taki ɗaya ce ya isa ya hana mai imani barci, kuma mai saye da ya sani ya yi shiru ba ya kuɓuta don ya biya kuɗi. Dokar ƙasa ma ta tanadi hanya: tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, ga kuma ma'aikatar magajin gari mai ba da takardar fili. Na je na ga takardar da idona. Amma takarda tana shaida wa hukuma ne kawai, don haka na nemi dattawan da suka san gonar tun tana gona, na tambayi mutum nawa suka gaje ta da ko kowa ya karɓi nasa. Ba zan so in yi sujada shekara talatin a kan rabon wata gwauruwa ba.

Na biyu shi ne kuɗin. Abin da na tara bai kai ba, kuma an ba ni shawarar cin bashin banki a riƙa cirewa daga albashi. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara a kan riba ba su bar wa kowa mafaka ba. Malamanmu sun bambanta mana abu biyu: bashin kuɗi da ake mayarwa da ƙari, wannan riba ce, sai sayen gida a kan farashi ɗaya da aka yanke tun farko, a biya kashi-kashi zuwa lokaci sananne, ba tare da farashin ya hau don jinkiri ba, wannan ciniki ne da jumhurun malamai suka halatta. Ko banki ya kira kansa na Musulunci, a kai wa malami takardar yarjejeniyar ya karanta kafin a sa hannu. Akwai kuma zakka, wadda da yawanmu ke mantawa. Gidan da mutum ke zaune a ciki babu zakka a kansa, amma kuɗin da ake tarawa don sayensa, idan sun kai nisabi, wato kimanin darajar giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo a kansu, ana fitar da ɗaya bisa arba'in. Niyyar gina gida ba ta ɗauke wannan haƙƙi.

Na uku shi ne ruwa. Fili a lokacin rani duk ɗaya yake, sai damina ke tona asirinsa. Tarihin Maraɗi darasi ne a gare mu: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga kwari zuwa tudu, kuma a ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama ya rushe gidaje ya ci rayuka a birnin. Iyali amana ne, bai halatta in kwantar da su a hanyar ruwa don araha ba. Na bari sai an yi ruwa mai ƙarfi, in je washegari in ga inda ya kwanta.

Na huɗu ya fi sauran nauyi a zuciyata, shi ne nisa. A gidanmu na yanzu ina jin kiran salla daga shimfiɗata, kafin a tayar da iƙama na isa sahu. A sabuwar unguwar babu masallaci tukuna, sai filin da aka ce an ware. Na taka da ƙafata daga can zuwa masallaci mafi kusa, na ci kusan rabin awa, ba fitila a hanya. Wani aboki ya tuna mini labarin Banu Salima da ke cikin Sahihu Muslim: gidajensu na nesa da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka so su dawo kusa, ya ce su zauna inda suke domin ana rubuta musu takunsu. Gaskiya ne, amma ladan taku na wanda ya taka ne. Juma'a ba ta da wuya, sau ɗaya ce a mako, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta wajabta ta a kan wanda ke cikin mil uku daga gari. Asuba a cikin sanyin hunturu da Isha'i a daren ruwa, waɗannan ne ma'auni. Na san mutanen kirki da suka koma gefen gari da kyakkyawar niyya, bayan ƴan watanni sallarsu ta koma tsakar gida, yaransu kuma suka tashi ba makarantar allo a kusa.

Nisan bai tsaya ga masallaci ba. Mahaifiyata ta tsufa, kuma ta ce ba za ta bar ɗakin da mahaifinmu ya bar ta ba. Yau idan ta yi tari da dare ina ji. Daga can sai an kira ni a waya, in nemi kabu-kabu ko in tayar da babur. Gaisuwar safe da ta dare za ta iya zama ta mako-mako ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Haka zancen maƙwabta yake: Hausawa sun ce maƙwabci ɗan'uwa ne, shi ke fara zuwa ranar suna da ranar jana'iza. Doguwar katanga tana ba da sutura, tana kuma iya sa maƙwabcinka ya kwana da yunwa ko ciwo ba ka sani ba.

Bayan istihara da shawara da manya, ga inda na tsaya. Idan asalin ƙasar ya tabbata, kuɗin kuma suka cika ba tare da riba ba, zan saya. Amma ba zan tare ba muddin Inna na bukatata a kusa, sai ɗaya daga cikin ƙannena masu iyali ya zauna a can, mu samu sarari a nan. Na kuma fara tuntuɓar waɗanda suka riga ni saye, domin mu tabbatar a rubuce cewa filin masallacin ba zai koma shago ba, mu kafa ko da rumfar zana ce, mu samo mai koyar da yara. Unguwa tana ɗaukar halin mutanen da suka fara zama a cikinta, don haka wanda ya riga kowa tarewa ya fi kowa ɗaukar nauyi.

Allah ya ba mu mazauni na halal, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya jiƙan iyayenmu, ya sa gidajenmu su zama masu kusantar da mu gare shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.