Wa Zai Buɗe Fayil Ɗina?

Duk wanda ya taɓa gina manhajar da ke ajiye bayanan mutane ya san adanawa ba wuya. Wuyar tana wajen tambaya guda: wa ke da izinin buɗewa? Shekara takwas ke nan ina wannan sana'a daga nan Wudil, amma a kan ƙanena soja na ga yadda tambayar take hana mutum neman lafiya.

Shekara uku ya yi a Borno. Da ya zo hutu, Inna ce ta fara lura. Ba ya barci sai bayan asuba, ba ya zama ya ba ƙofa baya, ranar Juma'a kuwa, da motocin kasuwar shanu sun fara ruri a kan gada sai ya shige ɗaki. An yi masa rubutu, an yi tofi. Na ce mu haɗa da likita, ko a asibitinsu na soja ko mu tafi Dawanau.

Ya ce, "Yaya, ba likitan nake tsoro ba, bironsa nake tsoro. In ya shiga fayil ɗina, wa zai sake sa sunana a kwas? Wa zai amince mini da aikin sirri?"

Ba a takarda ya karanta haka ba, a bakin abokan aiki ya ji. Amma inda babu rubutaccen alkawari, jita-jita ce doka.

Ba sojanmu kaɗai ke da wannan tsoro ba. A Amurka, duk mai neman a tantance shi don aikin sirri sai ya cike fom mai suna SF-86, kuma tambaya ta 21 a cikinsa kan lafiyar ƙwaƙwalwa take. Sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun riƙa ƙin zuwa asibiti saboda ita. A 2008 sakataren tsaro Robert Gates ya sanar da gyara: wanda ya nemi taimako saboda abin da ya gani a fagen daga, ba sai ya bayyana ba. Layi ɗaya aka sauya a fom, aka faɗa a bainar jama'a.

Mu ma muna da madogara. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A watan Yunin shekarar aka samu dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Abin da ya rage shi ne ƙaramin soja ya ji su a bakin kwamandansa.

Ta fuskar sana'ata, aikin ba gagararre ba ne. A raba rumbun likita da na ma'aikata. Kwamanda ya ga amsa ɗaya kawai: zai iya aiki, ko yana buƙatar hutu. Abin da aka faɗa a ɗakin likita ya tsaya can. Duk wanda ya buɗe fayil, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokaci, mai fayil kuma ya iya gani. Bankuna suna yi wa kuɗi haka kullum.

Na san mai riƙe da bindiga ba kamar ni da ke riƙe da kwamfuta ba ne, hukuma tana da haƙƙin sanin halinsa. To amma wa ya fi haɗari, wanda likita ke dubawa, ko wanda ya yi wata shida bai runtsa ba kuma ba wanda ya sani? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kullum ina ganin matasan Kwalejin 'Yan Sanda ta nan garin, wasu ko gemu bai fito musu ba. Gobe su ma dajin za a tura su. Kafin a koya musu harbi, ya kamata a gaya musu a rubuce wa zai ga fayil ɗinsu ranar da barci ya ƙaurace musu.