Jan Rubutu

Mu uku ne, duka masu rubuta manhajar kwamfuta, muka shirya komawa gida Kazaure lokacin dogon hutu don mu koya wa ɗaliban kwaleji sana'armu kyauta. Mun ɗauka abin zai zo da sauƙi. Ai garin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu ne, ga kuma jami'ar fasaha da aka kafa a Babura a 2021. Muka ari aji, ɗalibai suka cika shi, wasu a kan babur daga ƙauyukan Roni da Gwiwa.

Mako biyu muna zuba Turanci a gaban allo. In mun ce an gane, sai a amsa baki ɗaya, "Eh, Malam."

Wata Asabar muka lura da wata ɗaliba 'yar Gwiwa. Duk sanda jan rubutu ya fito a kwamfutarta, sai ta goge aikinta kaf ta sake daga farko. Da muka tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ai ya ce na faɗi." Alhali saƙon cewa ya yi ta manta waƙafi a layi na tara. Ko karanta shi ba ta yi ba. Ta ci Turanci a jarrabawar WAEC, amma tun firamare ta san jan biro hukunci ne, Turanci kuma harshen mai hukunci.

Kunya ta kama mu. Mu ma a ajin da ake cin tarar wanda ya yi Hausa muka tashi, mun san wannan tsoron, sai dai mun manta shi.

Daga ranar muka sauya. Kowace safiya mukan ɗauki saƙon kuskure guda, mu bi shi kalma-kalma, mu fayyace shi da Hausa, sannan kowa ya rubuta tambayarsa da Turancin da yake da shi. Muka hana dariya. Ɗalibai huɗu sun riga sun daina zuwa kafin mu farga, kuma ba su dawo ba. Wannan yana wuyanmu.

Ranar ƙarshe jan rubutu ya sake fito mata. Ta matso da kujera, ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Muka taso za mu taimaka, ta ɗaga hannu.

"Malam, bari. Na ji abin da yake cewa."